Yadda za ka koya wa yaro fakta da ninki ta hanyar wasa ƙwaƙwalwa

Akwai tambayar da nake yawan yi wa yaran da nake taimaka wa da lissafi, 'yan ƙarshen firamare da 'yan farkon sakandare, sai in ce to ku ba ni faktocin 12. Kusan kullum sai an samu wanda zai ɗaga hannu da sauri ya ce 12, 24, 36, 48. Yaron nan fa ba daƙiƙi ba ne, jadawalin sau yana kansa tsaf, kawai dai kalmomin biyu ne suka cakuɗe masa saboda rana ɗaya aka rubuta su a allo aka ce a kwafa aka wuce. Abin nan yana damuna sosai wallahi, don daga nan ake fara tsoron lissafi, in an zo kan firakshon da LCM da HCF sai yaro ya ga kamar an rufe masa ƙofa an tafi da makulli. To ga yadda nake bi da su, kuma ba ka bukatar komai sai takarda da biro da 'yan tsakuwa ko murafen kwalba.

Ka bar allo tukuna, ka fara da hannu. Ƙirga tsakuwa 12 ka zube a gaban yaro, ka ce ya jera su layi-layi amma kada wani layi ya fi ɗan'uwansa ko da ɗaya. Zai yi layi 3 kowanne da 4. Ka ce akwai wata hanyar? Zai yi layi 2 kowanne da 6, in ka ƙara matsa masa zai tuna da dogon layi ɗaya mai 12. Sai ka ce masa to jera min su biyar-biyar. Na taɓa yi wa wata yarinya 'yar shekara tara haka, ta jera biyar, ta jera biyar, biyu suka rage mata a tafin hannu, ta ɗora su a ƙarshen layin sama ta ga ya yi tsawo, ta kwashe ta raba su ɗaya sama ɗaya ƙasa ta ga ai yanzu shida-shida suka koma, ta daɗe tana kallonsu sannan ta ɗago kai ta ce malam, 5 ba ta shiga. Shikenan, ta ba da ma'anar fakta da bakinta ban faɗa mata ba. Fakta ita ce lambar da take shiga cikin wata lamba ba saura. 1, 2, 3, 4, 6 da 12 suna shiga 12, ita kuwa 5 tana barin saura 2, don haka ba ta ciki.

Shi ninki kuma gaba yake tafiya. Ninkin 4 shi ne duk inda ka sauka in kana tsalle huɗu-huɗu: 4, 8, 12, 16, 20, haka dai har ka gaji, ba ya ƙarewa. Su faktoci suna ƙarewa, kuma babu wadda za ta fi ita lambar girma. Ka rubuta wa yaro 3 sau 4 ya ba da 12, sai ka sa shi ya karanta jimlar nan ta fuska biyu: 3 fakta ce ta 12, 12 kuma ninkin 3 ne. Kamar ka ce wane uban wane ne, ko ka ce wane ɗan wane ne, dangantaka ɗaya ce, ya danganta da ta inda ka fara. Ka maimaita wannan da lambobi kamar goma daban-daban, da baki, da sauri, kafin ka wuce gaba. In wannan bai zauna ba duk abin da ka ɗora a kai zai rushe.

Daga nan sai neman faktoci kaf ba tare da an tsallake ko ɗaya ba, kuma sirrin shi ne a neme su bibbiyu, kowacce da abokiyarta. Ɗauki 36. 1 abokiyarta 36, 2 da 18, 3 da 12, 4 da 9, 5 ba ta shiga, 6 kuma da wa? Da 6. To nan ake tsayawa, tunda ɓangaren hagu da na dama sun haɗu, duk abin da ke gaba an riga an rubuta shi. Yara da yawa suna ci gaba da gwada 7, 8, 10, 11 har zuwa 35 suna ɓata lokaci, in suka gane wannan wurin tsayawar sai ka ga sun samu sauƙi sosai. Sannan ka sa yaro ya ƙirga faktocin: guda 9 ne, mara, alhali da bibbiyu muka neme su, ya aka yi haka? Saboda 6 ita ce abokiyar kanta, ba za a rubuta ta sau biyu ba. Ka ce masa ya riƙe wannan a ransa, za mu dawo kansa a wani kacici-kacici.

Dabarun gane ko lamba tana shiga ba sai an yi doguwar rabawa ba, na 2 da 5 da 10 kowa ya san su, lambar ƙarshe ake dubawa. Na 4 a dubi lambobi biyu na ƙarshe, saboda 4 tana shiga 100, don haka duk ɗaruruwa da dubbai ba su da matsala. Wanda nake so ka daɗe a kai shi ne na 3 da 9, don shi ne ake ba yara kamar sihiri ba a faɗa musu dalili. Ana cewa ka tara lambobin da ke ciki, in 9 ta shiga jimlar to ta shiga lambar. Misali 4572, 4 da 5 da 7 da 2 ya ba da 18, 9 tana shiga 18, kuma gaskiya ne 9 sau 508 shi ne 4572. Amma me ya sa? Saboda 10 ai 9 ce da ɗaya a kai, 100 ita ce 99 da ɗaya, 1000 ita ce 999 da ɗaya. In kana cire tara-tara daga 4000, kowane dubu zai bar maka ɗaya, dubu huɗu sun bar 4, ɗari biyar sun bar 5, goma bakwai sun bar 7, ga 2 ɗin ƙarshe. Ragowar nan kenan kake tarawa. Yaron da ya ga wannan ba zai sake manta dokar ba, kuma ba zai je ya gwada ta a kan 7 ba, don ya san a kan me ta tsaya. Na 6 kuma sai 2 da 3 duk sun shiga. Amma ka yi hattara, yara suna ɗaukar wannan su ce to in 2 da 4 sun shiga ai 8 ma za ta shiga, sai ka miƙa musu 12 su gwada: 2 ta shiga, 4 ta shiga, 8 ta ƙi. Dalili shi ne 2 tana cikin 4 tun asali, ba sabon abu ta kawo ba.

Yanzu ka koma kan tsakuwa, ka ba shi 13. Zai yi ta juyi, bibbiyu saura ɗaya, uku-uku saura ɗaya, huɗu-huɗu saura ɗaya, ƙarshe sai dogon layi ɗaya kawai. Irin waɗannan lambobi masu taurin kai su ake kira firaim, faktocinsu biyu ne cak, 1 da su kansu. Shi ya sa 1 ba ta cikinsu, ita fakta ɗaya gare ta. 2 kuma ita kaɗai ce cika a cikinsu, sauran duk mara ne.

Hanyar da ta fi daɗi wajen fito da su ta girmi shekara dubu biyu. Wani masani ne ɗan Girka mai suna Eratostenis, an haife shi a garin Sirini da ke cikin Libiya ta yanzu wajen shekara 276 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya shugabanci babban ɗakin karatu na Iskandariya, kuma dabarar da sunansa ake kiranta, rariyar Eratostenis. Ka sa yaro ya rubuta 1 zuwa 100 a layi goma-goma. Ya soke 1. Ya zagaye 2 ya soke duk ninkinta, ya zagaye 3 ya soke duk ninkinta, 4 an riga an soke ta, ya zo kan 5, sannan 7. In ya zo kan 11 zai ga 22, 33, 44 har 99 duk an riga shi, babu abin sokewa, ka tambaye shi me ya sa, ka ba shi lokaci. Amsar ita ce ninkin 11 na farko da ƙananan ba su taɓa ba shi ne 11 sau 11, wato 121, ya wuce allon. Abin da ya rage a rariyar guda 25 ne, daga 2 zuwa 97. Ka ja hankalinsa kan masu yaudara: 51 da 57 da 87 suna kama da firaim amma 3 tana shigarsu duka, ita kuwa 91 ta fi kowa kama mutane, har manya, 7 sau 13 ce. In yaro ya tambaya ko suna ƙarewa, a'a, Yuklid, wani masanin lissafi ɗan Girka, ya tabbatar da hujja tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa cewa ba su da iyaka, kuma har yau ana farautar manyansu da kwamfuta, wadda aka gano a watan Oktoba na 2024 tsawonta ya haura lambobi miliyan 41. Ba wasa kawai ba ne, tsarin tsaro na RSA da aka fito da shi a 1977, wanda ake kulle bayanai da shi a intanet, ya dogara ne a kan cewa ninka manyan firaim biyu abu ne mai sauƙi amma a ba ka amsar a ce nemo su biyun aiki ne ja ko ga kwamfuta.

Ban da 1, kowace lamba da ba firaim ba ce, kana iya farfasa ta har sai firaim zalla sun rage. Ka ba yara biyu 360, ɗaya ya fara da 36 sau 10, ɗaya ya fara da 8 sau 45, kowa ya yi ta fasa nasa. Za su ƙare a wuri ɗaya: 2 guda uku, 3 guda biyu, 5 guda ɗaya. Mamakin da suke yi in suka haɗa takardunsu yana burge ni kullum. Kuma 360 faktoci 24 gare ta, 60 tana da 12, ita 100 da ake ganin girmanta 9 kacal gare ta. Ka ga amfanin minti 60 a awa ɗaya da digiri 360 a da'ira, abin da muka gada daga mutanen Babila na ƙasar Iraƙi ta yanzu masu ƙirga da sittin-sittin: awa tana rabuwa gida biyu, uku, huɗu, biyar, shida ba gutsure, da minti 100 ce da kashi ɗaya cikin uku ma ba zai fita daidai ba.

LCM da HCF kada ka fara su da suna, fara su da labari. Fitila biyu ne, ɗaya tana walƙawa duk bayan daƙiƙa 6, ɗaya duk bayan daƙiƙa 8, yanzu sun walƙa tare, sai yaushe kuma? Mafi yawa za su ce 48 saboda sun ninka. Ka sa su rubuta tsallen kowacce: 6, 12, 18, 24, ga kuma 8, 16, 24. Ashe tun a 24 sun haɗu. Wannan shi ne LCM, ninki mafi ƙanƙanta da suka yi tarayya a kai. Akwai misalinsa a halitta mai ban mamaki: a Amurka akwai wasu ƙwari masu kama da gyare da suke zama a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru, wasu sai bayan shekara 13 suke fitowa wasu sai bayan 17. Tunda duka biyun firaim ne, rukuni ɗaya na masu 13 da rukuni ɗaya na masu 17 ba sa fitowa a shekara ɗaya sai bayan 13 sau 17, shekara 221 kenan. Wasu rukuni biyu sun fito tare a 2024, kuma rabonsu da haka tun 1803. Ka bar yaro ya ɗebe 1803 daga 2024 da kansa ya ga 221 ta fito.

HCF kuma, wato fakta mafi girma da lambobi suka yi tarayya a kai, labarin yanka ne. Kwali ne mai tsawon santimita 84 da faɗin 60, kana so ka yanka shi murabba'i-murabba'i masu girma ɗaya, mafi girman da zai yiwu, kada ko ɗan gutsure ya rage. Gefen murabba'in dole ya shiga 84 ya shiga 60. Za a iya jera faktocin kowacce a duba, amma akwai hanyar Yuklid da ta fi sauri: cire 60 daga 84 saura 24, cire 24 daga 60 sau biyu saura 12, cire 12 daga 24 sau biyu ba saura, to 12 ce amsa. Za a samu 7 a tsawo 5 a faɗi, murabba'i 35. In yaro ya rikice a jarrabawa wanne ake nema, ya tambayi kansa: ana maganar yaushe za a sake haɗuwa ne, ko ana maganar a raba abu daidai da mafi girman ma'auni? Na farko LCM, na biyu HCF. Kuma zai iya duba aikinsa, in lambobi biyu ne, HCF sau LCM daidai yake da ninka lambobin, 6 da 8 HCF ɗinsu 2, LCM 24, 2 sau 24 ya ba da 48, haka ma 6 sau 8. A lambobi biyu kawai fa, in sun kai uku ba lallai ya yi ba.

To yanzu mun zo inda na fi so, wasa ƙwaƙwalwa, don a nan ne duk abin da aka koya yake zama kayan aiki. Fara da irin na wace lamba ce ni. Ina tsakanin 50 da 100, ni mara ce, ni ninkin 3 ce, in an raba ni da 5 saura 2, kuma 19 ba ta shiga cikina. Abin da kake so yaro ya koya a nan shi ne kada ya yi ta cinta, kuma ba dole ne ya bi bayanan yadda aka jero su ba, ya nemi wanda ya fi rage masa aiki ya fara da shi. Saura 2 in an raba da 5 yana nufin lambar ta ƙare da 2 ko 7, tunda mara ce to 7 ne. Nan take lambobi kusan hamsin sun koma biyar: 57, 67, 77, 87, 97. A gwada dabarar 3, 5 da 7 sun ba da 12 ta shiga, 8 da 7 sun ba da 15 ta shiga, sauran sun faɗi. Saura 57 da 87, 57 kuwa 3 sau 19 ce, sai 87 ta tsaya ita kaɗai.

Akwai wani tsohon kacici-kacici daga wani littafin lissafi na ƙasar Sin da aka rubuta tsakanin ƙarni na 3 da na 5: akwai wasu abubuwa ba a san yawansu ba, in an ƙirga uku-uku saura 2, biyar-biyar saura 3, bakwai-bakwai saura 2, nawa ne? Fara da babbar, don tsallenta ya fi faɗi: 2, 9, 16, 23, kana gwada kowacce da 5, 23 ce ta bar saura 3, kuma da 3 ma ta bar 2. Yaro mai lura zai ga cewa 3 da 7 duk saura 2 suke bari, kenan lambar ninkin 21 ce da 2 a kai. In ya samu 23 ka tambaye shi ko akwai wata, ka bar shi ya nema har ya kai 128, sannan ya gano tazarar 105 ce, wato 3 sau 5 sau 7.

Na ƙofofi kuma, wannan kada ka yi gaggawa da shi, zai iya cin yamma guda kuma ya cancanta. Ƙofofi 100 ne a jere duk a rufe, mutum 100 za su wuce ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya buɗe kowacce. Na biyu ya taɓa ta 2, 4, 6, haka har ƙarshe, ya rufe su. Na uku ya taɓa 3, 6, 9, in ya tarar a buɗe ya rufe, in a rufe ya buɗe. Haka kowa zai yi da ninkin lambarsa har na ɗari. Waɗanne ƙofofi ne za su rage a buɗe? In ka faɗa haka kan yaro zai ɗaure, kuma daidai ne ya ɗaure, kada ka ba shi amsa. Ka ce masa mu rage abin. Yanka takarda gida 20, rubuta 1 zuwa 20, a kife su, kifawa ita ce rufewa, ya bi yana juyawa da hannunsa. In ya gama zai ga 1, 4, 9 da 16 ne kawai suke kallon sama. Wani zai ce to ta gaba 25 ce, ka ce madalla, amma me ya sa? Ka ɗauki takarda ta 12 ka tambaye shi su wa suka taɓa ta. Na 1, 2, 3, 4, 6, 12, ashe faktocinta ne, mutum shida, buɗe rufe buɗe rufe buɗe rufe, ta ƙare a rufe. Ta 16 fa? 1, 2, 4, 8, 16, mutum biyar, ta ƙare a buɗe. A daidai nan nake yin shiru in jira, sai ka ga idon wani ya buɗe ya ce ai irin 36 ce, wadda 6 take abokiyar kanta! Ƙofofin da suka rage a buɗe su ne na lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta, 1, 4, 9, 16, 25, 36, 49, 64, 81, 100, guda goma, don su kaɗai ne yawan faktocinsu yake mara.

Ga wani da yake koya wa yaro cewa rashin sanin wani ma bayani ne. Abokai biyu sun haɗu bayan an daɗe, ɗaya ya ce 'ya'yana uku, in ka ninka shekarunsu za ka samu 36, in ka tara su za ka samu lambar gidan can. Ɗayan ya dubi lambar gidan ya yi lissafi ya ce abokina, ƙara min bayani, wannan bai isa ba. Ya ce to babbar cikinsu tana son zane. Ya ce na gane. Shekarunsu nawa? Yara za su yi ta ƙorafi cewa ba a faɗa musu lambar gidan ba, kuma me ya haɗa zane da shekaru. Ka ce su rubuta duk hanyoyin da lambobi uku za su ba da 36, kowacce da jimlarta. 1, 1, 36 jimla 38. 1, 2, 18 jimla 21. 1, 3, 12 jimla 16. 1, 4, 9 jimla 14. 1, 6, 6 jimla 13. 2, 2, 9 ita ma 13. 2, 3, 6 jimla 11. 3, 3, 4 jimla 10. Mutumin nan yana ganin lambar gidan da idonsa amma ya kasa, kenan lambar ta fito sau biyu a jerin, 13 ce. Da aka ce akwai babba guda ɗaya sai 1, 6, 6 ta fita tunda a can manyan biyu ne sa'o'in juna, amsa 2, 2, 9.

In yaran sun kai biyu akwai wasan da za su yi ta yi ba sai kana wurin ba. A rubuta 1 zuwa 100, ko zuwa 40 ga ƙanana. Na farko ya soke lamba ɗaya, na biyu dole ya soke fakta ko ninkin wadda aka soke yanzu, haka za a yi ta karɓa-karɓa, lambar da aka soke ba a komawa kanta, wanda ya rasa abin sokewa an cinye shi. Ka bar su su yi haka nan da farko, ba a daɗewa wani zai gano cewa in ya fara da 97 dole abokinsa ya soke 1, shi kuma sai ya soke 89 wasa ya ƙare. Ranar da suka gano wannan sai ka ƙara doka, dole a fara da lamba cika. Daga nan wasan ya koma na guje wa 1 da ƙoƙarin tura abokin wasa kanta, kuma a mako ɗaya za su nemi faktoci fiye da yadda za su nema a aikin gida na wata guda.

Akwai ƙananan abubuwa na jan hankali da nake ajiyewa don ranar da aka gaji. Ka ce yaro ya zaɓi lamba mai gida uku, a ce 358, ya rubuta ta sau biyu a manne, 358358, ya raba da 7, abin da ya samu ya raba da 11, sannan da 13, a kalkuleta ma ya yi. Ba saura ko sau ɗaya, kuma 358 ɗinsa za ta dawo masa. Ka bar shi ya ninka 7 da 11 da 13 ya ga 1001, ya yi tunanin me 1001 take yi wa lamba mai gida uku. Ko ka ba shi 220 ya tara faktocinta ban da ita kanta, zai samu 284, ya yi wa 284 haka, zai samu 220. Ana ce musu lambobi aminan juna, kuma wani masanin lissafi, Sabit bin Ƙurra, da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9 ya fitar da ƙa'idar nemo irinsu.

In ka ga yaro ya fara sabawa, juya abin, ka ce shi ya haɗa maka kacici-kacici. Ya zaɓi lamba a ɓoye ya rubuta bayani huɗu a kanta, da sharaɗin amsa ɗaya ce tak za ta dace. Na farkonsa yawanci amsa uku ko huɗu za su fito, ka nuna masa su ka ce ya ƙara bayanin da zai kori sauran, wannan gyaran da yake yi ya fi warware goma na wani amfani. Sannan ka ba shi wannan ya kwana da shi: wace ce lamba mafi ƙanƙanta da 1, 2, 3 har zuwa 10 duk suke shiga ba saura? In ya ninka su duka zai samu abin da ya haura miliyan uku, ka ce masa akwai wadda ba ta kai 3000 ba, ya fara da tambayar kansa in 8 ta riga ta shiga, ko akwai bukatar ya sake damuwa da 2 da 4.